Baƙo Ba Ya Cin Iska

A tashar bas ta Batha, can ƙasar waje inda 'yan ci-rani ke taruwa, wani kuku ɗan Damagaram ya kama ɗan Najeriyar da ke kusa da shi da labari.

"Malam, jiya iƙamata, takardar zamana a ƙasar nan, ta kusa tashi. Kafilina, ubangidan da ya tsaya mini, ya kai mu aikin walima gidan Turawa. Suka kawo wani dattijo Bajapane, ya durƙusa kan matashin zama shi kaɗai, yana ba da labari da murya uku."

"Turawan na jin yaren?"

"Ko kalma. Amma dariya suke har da hawaye. Can ya mai da maficinsa tsinken cin abinci, yana zuƙar taliya daga hannun da babu komai."

"Ai wasan ke nan."

"Wa ya gaya mini? Baƙo, tsoho, yana cin iska, ga tukwane cike. Na zubo shinkafa na dire masa, na ce bismilla."

"An kore ka?"

"Kafili ya ce in haɗa jakata. Sai Turawa suka miƙe suna tafi, wai nan ne ya fi musu daɗi."

"To yanzu ina za ka?"

"Sayen taliya. Kafili ya fasa korata, yau ma zan fito a wasan. Tsohon ya ce in dai za a ɓata masa wasa, a ɓata da abin da yake ci."