Lambar Wayar Coci

A tashar bas ta Chattanooga, wani dattijo ya zauna kusa da wata mata rungume da jinjiri.

"Baba, kai ne ka tare ni bara a ƙofar asibitin zubar da ciki."

"Yabo ga Ubangiji! 'Yata, har farin fure muka ajiye a gaban coci saboda ku."

"Ka ce in haihu, coci zai tsaya mini. Sau huɗu ina kiran lambar da ka ba ni."

"Ai fasto ya ce aikinmu ceton rai ne, ba rabon gidaje ba."

"A mota muke kwana, ita ma jiya aka ɗauke ta."

Dattijon ya sunkuyar da kai.

"Zan sa yaron a addu'a. Yaya sunansa?"

"Mace ce, Baba. Da kun leƙo mu ko sau ɗaya, da kun sani."