Katin da Aka Liƙe da Leda

A layin shiga babban bajekolin katunan hotunan 'yan ƙwallo na birnin Bayamón, wani dattijo ya juyo ya dubi ƙafar matar da ke bayansa.

"Baiwar Allah, yau kika fara zuwa, ko? Takalmin nan mai tsini ya tona ki. Kafin rana ta raba a hannu za ki riƙe shi."

"To ya zan yi?"

"Shekara goma sha tara ina wannan wahala. Kada ki tsaya a teburin farko, kuma kada ki bari dillali ya gane a matse kike. Saye ko sayarwa?"

"Sayarwa. Katin da marigayi maigidana, Efraín, ya fi so ne. Ɗanmu ya matsa mini, wai a gyara rufin gida."

"Mu gani. Kai! Wa ya liƙe shi da leda haka?"

"Ni ce. Da guguwa ta jiƙa sauran, sai na kai wannan shagon hoto aka gasa masa leda."

"Ai kin kashe shi. In aka ɓare ledar, fuskar ɗan wasan za ta biyo ta."

"Ba mai saye ke nan?"

"Babu. Yi haƙuri, na gaji da gaya wa mutane irin wannan."

"Duk faɗin zauren nan? Ka tabbata?"

"Na tabbata."

Ta mayar da katin cikin jaka, ta sauke ajiyar zuciya.

"Madalla. Ga ɗan nawa can tafe. Don Allah, ka maimaita masa da ƙarfi."