Shaidar Mai Kai Gas

Basiru: Salamu alaikum. Mamane?

Mamane: Wa'alaikumus salam. Wa ke magana?

Basiru: Basiru ne, direba. Ina wuni? Ya zafin Riyad?

Mamane: Da godiya. Ya mutanen Gusau?

Basiru: Lafiya lau. Na Maraɗi fa, an samu ruwa?

Mamane: An fara. Amma wannan ba lambarka ba ce.

Basiru: Ta uwar ɗakina ce, Baturiyar nan malamar makaranta.

Mamane: Tana kusa da kai?

Basiru: Tana aji. Ka san littafi take rubutawa a kan mutanen da suka yaƙi bauta a Ingila.

Mamane: Batha? Faɗa aka yi a unguwar Batha?

Basiru: Bauta na ce! Cinikin bayi, fiye da shekara ɗari biyu baya. Ta ce manyan da suka yi magana a majalisa kowa ya san su. Amma akwai matan da suka daina sayen sukari don bayi ke noman raken, da masaƙan da suka sa hannu a takardun koke, da bayin da suka samu 'yanci suka fito suka ba da labarinsu. Yawancinsu ko sunansu ba a tunawa.

Mamane: To madalla da su. Ni mai kai tukunyar gas, ina ruwana?

Basiru: Muna cikin mota take ba ni labarin, sai bakina ya kufce. Na ce mata abin bai ƙare ba. Na faɗa mata zancen Delou.

Mamane: Wace Delou?

Basiru: Haba, Mamane. 'Yar garinku mai aikatau a gidan nan na unguwar Badi'a. Kai ka ce min shekara uku ba ta taka ƙofa ba, fasfonta na hannun maigidan.

Mamane: Ni ban ce ba. Halo? Layin nan yana ƙara. Naɗar maganata ake yi?

Basiru: Iyakwandishan mota ne.

Mamane: Ka ba ta sunana?

Basiru: Na ce dai akwai wanda ya gani da idonsa.

Mamane: Mutum nawa ke kai gas gidan, Basiru?

Basiru: Saurara mana. Takarda ta rubuta za ta kai ofishin jakadancinku. Shaida ɗaya da ya gani da ido ake so ya sa hannu.

Mamane: Ita me za ta samu? Babi a littafinta? In abu ya ɓaci ta koma Ingila a tafa mata, ni a karɓe iƙamata, takardar zamana a ƙasar nan, a sa ni jirgi. Ka ce waɗancan an manta sunayensu. Ni nawa ba za a manta ba, yana cikin kwamfutar 'yan jawazat, jami'an shige da fice.

Basiru: Ni ma na sa hannu.

Mamane: Kai? Tilasta ka ta yi?

Basiru: Ba wanda ya tilasta ni. Ita ce ma ta ce in je in yi tunani kwana uku.

Mamane: Hmm. Ita Deloun an tambaye ta? Kun san ko tana so?

Basiru: Ta ina za mu tambaye ta? Ba ta da waya.

Mamane: Ran Litinin da na shiga kicin, ta ce in gaya wa uwarta tana raye. Shi ke nan abin da ta ce. Har yau na kasa kiran tsohuwar.

Basiru: To ka gani.

Mamane: Ban ga komai ba. Ba zan sa hannu a takardar da ban iya karantawa ba.

Basiru: Sai a fassara...

Mamane: Yi shiru. Alhamis bayan la'asar zan sake kai gas, uwargidan tana barci lokacin. Ka kawo min ƙaramar waya in shigar mata da ita, lambar Baturiyar kaɗai a ciki. Delou ta yi magana da bakinta. In ta ce e, ka kawo takardar.

Basiru: Allah ya saka...

Mamane: Ka goge lambata daga wayar nan. Ga kafilina, ubangidana, nan tafe. Lambar kuskure ce, malam!