Jan Farce a Agogon Inji

Kwana tara bayan mun binne Evaristo na hau jirgin da yake tuƙawa, don in kwashe kayansa. Na tsaya a wurin tuƙi, sai idona ya faɗa kan agogon inji, mai allurar da ke nuna gudu. Akwai ɗan layi ja a jikin gilashin, kuma na san jan, domin nawa ne. A nan, a tsaye, na fahimci abin da mijina ya yi.

Ku yi mini afuwa, na fara magana ban gaishe ku ba. Shugaban taro, Kyaftin Wilfrido Barrios, Fada Anselmo, iyayenmu tsofaffin matuƙa, makanikai da masu wankin jirage, 'yan'uwana mata masu sayar da abinci a bakin tasha, da jama'ar Cartagena da kuka zo bikin Uwa Maryamu ta masu shiga teku, ina gaishe ku baki ɗaya. Na gode da kuka ba ni wuri, ni Nelcy mai tuyar kifi, wadda karatunta bai wuce aji biyar ba.

Abu na farko, kun san sunan da kuka sa wa mijina. Kunkuru. Kada ku sunkuyar da kai, shi ma dariya yake yi. Shekara goma sha tara yana tuƙa jirgin shaƙatawa na Don Aurelio, jirgi mai inji biyu da zai iya tsere da kowa, amma bai yarda ya wuce mil takwas a awa ba. Kai Wilfrido, ka taɓa ce masa, "Kunkuru, in ka taso yau, jikokinmu ne za su tarbe ka." Ya ce maka, "Kai dai yi ta gudu, ɗan'uwa, ina nan tafe da igiyar janyo ka."

Wata rana na nemi jan farcena na rasa. Na ce, "Tsoho, wa kake wa kwalliya da kayana?" Ya ce, "Inji, 'yar tsohuwa. In ya yi mil takwas, lita talatin da biyu yake sha a awa. In na ninka gudun, ɗari da hamsin yake zuƙa. Gudu ninki biyu, sha kusan ninki biyar. Na sa layi ne inda hankali ya ƙare." Na ce ya dawo mini da kwalbata, ni ba ruwana da lita.

Abu na biyu, ranar da ya rasu. Suna dawowa daga tsibirin San Andrés, mutum goma sha ɗaya a ciki, har da 'ya'yan Don Aurelio mata biyu. Iska ta yi musu gaba kwana guda cur, ta cinye musu mai. Da safe, saura mil ɗari da ashirin, lita ɗari shida a tanki, sai ƙirjin Evaristo ya riƙe, ya zube. Yadira mai dafa musu abinci ce ta ba ni labari. An kira masu ceto a rediyo, amma suna nesa. Don Aurelio, mutumin kirki, ya ɗora hannu a totur zai danna har ƙarshe, don a kai shi asibiti. Evaristo yana kwance ya kama masa ƙafar wando. Ya ce, "Maigida, kada allura ta haye jan matata. In ka danna, awa huɗu man zai ƙare, rabin hanya ke nan. Jirgi ba inji a wannan ruwa, kifewa zai yi." Don Aurelio ya ce, "To kai fa?" Ya ce, "Ni na riga na yi lissafina."

Da la'asar ya cika. Sauran mutum goman sun iso, da ɗan mai a gindin tanki.

Na yi fushi da Don Aurelio, ban ɓoye ba. Na ce me ya sa bai yi gudu ba? Yadira ta faɗa mini, ban ji ba. Sai da na ga layin nan da idona. Yau ina tsaye gabanku ba don ku ji tausayina ba. Ina alfahari. Ina alfahari da mutumin da ya san injinsa, ya san tekunsa, ya kuma san adadin rayukan da ke bayansa. Ina alfahari da Kunkuru.

Abu na uku, roƙo. Kowane jirgi da irin shansa. Ku fita da naku, ku auna a gudu kaɗan, ku auna a gudu mai yawa, ku san inda layinku yake tun ruwa na kwance. Na kawo jan farce a jakata, kwalba shida, kyauta.

Allah ya kiyaye duk mai shiga teku, ya dawo da shi ga masu jiransa. Allah ya ba Evaristo hutawa, ya sa wa wannan taro albarka.

Jirage arba'in da uku ne a tashar nan. Na bi su ɗaya bayan ɗaya na duba. Arba'in da biyu ba su da layi.

Na gode.