Kunun Kanwa a Ƙarƙashin Gadon Asibiti

Salama gare ku cikin sunan Yesu Almasihu, 'yan'uwa. Sunana Rifkatu, daga wajen Kaikai. Na zo yin godiya, amma ba zan ɓoye muku ba, har yau akwai ɗaci a raina.

Da na haifi ɗana na fari, surukata, wadda muke kira Inna, ta kama mini wankan jego yadda aka saba. Tafasasshen ruwa safe da yamma, kunun kanwa kuwa in na ce ya isa, sai a ce ban ma fara ba. Ƙafafuna suka kumbura. In na kwanta, numfashi ya tsaya mini a wuya. Matan zumunta suka zo barka suna cewa, "Jego ya karɓe ki, dubi ƙiba." Mutuwa nake yi, ana taya ni murna.

Aka kai ni wani ƙaramin asibiti. Mai duba ni ko kallona bai yi ba, Inna ya tambaya. Ta ce, "Kasalar jego ce, ba komi." Ni wace ce da zan yi musu da uwar miji a gaban mutane? Aka ba ni maganin ƙarin jini, muka koma gindin murhu.

Ranar da na faɗi a wurin wanka mijina ya kai ni asibitin Kankia. Likita ya ce zuciyata ta gaji, ruwa ya taru a jiki. Ana ta allura, kumburi ya ƙi sauka. Kowa ya leƙo ya ce yaya jiki, sai Inna ta riga ni: "Da sauƙi." Na juya fuska ga bango na ce, "Yesu, bakina ya kasa. Ka aiko mai tambayata ni kaina."

Ya kuwa aiko. Wata nas ce, musulma, muna ce mata Sista Binta. Ta gaida Inna da ladabi, ta roƙe ta ta ɗan ba mu wuri. Ta ja kujera ta zauna, ta danna ƙafata, wurin ya lotsa bai taso ba.

"Ke nike tambaya, ba Inna ba," in ji ta. "Mi kike ci? Mi kike sha?"

Na fashe da kuka, na nuna mata ƙarƙashin gado. Ta jawo fulas ɗin da Inna ke kawowa daga gida, ta buɗe, ta sunsuna.

Ta ce, "Allura tana fidda ruwa, kanwa tana maido shi."

Ta sanar da likita, ta tsara mini komai. Ba kanwa, ba gishiri, in jingina da matasai maimakon kwanciya. A riƙa auna fitsarina, a ɗora ni a sikeli kowace safiya. Ta bayyana wa masu karɓar aiki bayanta. Da ta ga nauyina ya daina raguwa, ba ta ce ta gama nata ba, ta sake zama ta sake tambaya, har ta gano kanwar ta koma cikin miyar kuka.

Inna ta fusata. "Mu da muka haihi goma da kanwar ga, mutuwa muka yi?" Ba muguwa ba ce, 'yan'uwa. Da ƙauna take dama mini kunun nan, abin da ya fi ƙona mini rai ke nan.

Kumburi ya sauka, na dawo gida da ƙafata. Amma likita ya ce wani cikin zai iya tafiya da raina. Matan da suka yaba ƙibata su ne yanzu ke raɗa cewa ɗa ɗaya tak na iya haifa. Ina jin ku. Ina roƙon Ubangiji ya koya mini gafara, don ban iya ba tukuna.

Na gode wa Yesu da ya ji wadda ba a bari ta yi magana ba. Ku dogara gare shi, yana ji. Sai dai jiya na ga itacen wanka a jibge a gidan Saratu, wadda cikinta ya tsufa. In ta sauka kuka je barka, ita za ku tambaya yaya jiki, ku kuma yi shiru har ta amsa da bakinta. Amin.