Motar da ke Mutuwa a Mafara

A tashar motar Sakkwato, ana gab da samun mulkin kai, Sodangi mai fataucin fata yana ta zagaya sabuwar lorin Gusau yana shafa ta kamar shi ya saye ta. Wani dattijo na zaune bisa buhun gero, ko kallonta bai yi ba.

"Baba, ka ga mota. Da makulli aka tada ta, ba sai an murɗa ƙarhe gaba ba."

"Na gani. Ni tsohuwar motar nika jira."

"Waccan akwalar? Mutane na hawa jirgin sama zuwa Makka, kai kana jiran ta?"

"Jirgin na tsayawa Mafara?"

"A'a. Wagga ma ba ta tsayawa sai Gusau."

"To, ka ji aibinta. Tsohuwar in ta kai Mafara mutuwa takai, sai an kwana ana gyara."

"Mi na abin so nan?"

"Ɗiyata Tasalla na aure can. Da kunya uba shi riƙa zarya gidan suruki. Amma in mota ta lalace, wa ka ganin laihina? Ɗanta ya hwara tahiya, ban gani ba."

Sodangi ya daina shafa lorin.

"Allah shi sa ta lalace lahiya, Baba."

"Amin, ɗana."