Shukar Juwairiyya

A wata tashar ƙauye cikin yankin Jazira na ƙasar Sudan, motar Wad Madani tana jiran cika. Wani dattijo ya rungume gwangwanin madara, a ciki akwai shuka mai ganye ja da ruwan ɗorawa, duk ta yi yaushi. Matar da ke gefensa ta leƙa.

"Baba, ruwa ne ya yi wa shukar nan yawa. Sau nawa kake ba ta?"

"Safe da yamma, wani lokaci har da azahar. Shekara arba'in ina ban ruwa a hawashata, gonata ta auduga ke nan, ɗiyata, auduga ba ta taɓa mutuwa a hannuna ba."

"Ai wannan ba auduga ba ce. Ka huda gindin gwangwanin, ka ajiye ta inda akwai haske amma rana ba ta dukanta. Sai ka tsoma yatsa ka ji ƙasar ta bushe, sannan ka ba ta."

"Shi ke nan? Ban da taki?"

"Har taki ka zuba?"

"Cikin hannu ɗaya kawai." Ya shafa ganyen. "Ta matata ce, Juwairiyya. Sati uku ke nan tana asibiti. Kullum sai ta tambayi shukarta, ina cewa lafiya lau. Jiya ta ce in kawo ta gani."

"Kwantar da hankalinka, saiwar da sauran rai. Ka dai rage mata hidima."

Dattijon ya yi dariya ƙasa-ƙasa.

"Haka likita ya ce mini shekaranjiya, da ya tarar ina ɗura wa Juwairiyya kofin kunu na huɗu."